Shidaniyar Waƙafi

Wasiƙa ta farko

Zuwa ga jikata,

Gaisuwa mai yawa daga wani tsoho da ba lalle ki tuna fuskarsa ba. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da mahaifiyarki. Ni ma lafiya, irin lafiyar tsohuwar riga: ba ta yage ba, amma ba a jan ta da ƙarfi.

Bari in gabatar da kaina, kada ki ce wasiƙa ta ɓata hanya. Kakarki ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, 'yar baffana ce. Gida ɗaya muka tashi, ita ta goya ni, Yaya nake ce mata. Mahaifiyarki Kawu take kirana. Ke kuwa sau ɗaya na gan ki, kina 'yar shekara huɗu, kika zare mini tabarau kika ce kin fasa aurena tunda idona huɗu. Adireshinki a jikin katin ɗaurin aurenki na samo shi. Ban zo ba, amma na ajiye katin, har na gyara kurakurai biyu da ke ciki da jan biro. Ki yi haƙuri, shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a, hannun ya saba. Ƙarar injinan wurin ce kuma ta tafi da rabin jina, shi ya sa ba na waya. In an kira ni sai in yi ta "na'am, na'am" har mai kiran ya gaji ya kashe.

Ga abin da ya sa na rubuto. An ce mini kin karanci dabbobi. To, na yi sabuwar abokiyar zama, mage.

Tun da matata ta rasu, shekara shida ke nan, babu mai motsi a gidan nan sai ni da agogon bango. Ɗaki biyu ne a sama, matakala goma sha bakwai. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa auna mini jini duk Laraba ce ta ce in ban samu abokin magana ba harshena zai yi tsatsa. Ita ta kai ni gidan da ake tara dabbobin da aka tsinta. Keji a kan keji, kowace mage tana kuka tana miƙo hannu a ɗauke ta. Ɗaya ce kawai ta juya mini baya, ko kallo ban ishe ta ba. Na ce wannan ta san darajar kanta. Ƙarshen wutsiyarta a lanƙwashe yake kamar waƙafi, sai na sa mata suna Waƙafi.

A katin da ke jikin kejinta an rubuta: "Mace. Kimanin shekara huɗu. Asali: ba a sani ba." Layin nan na ƙarshe ya tsaya mini a rai. A aikinmu ba a barin gurbi babu komai. Shi ya sa na ari wani littafi mai hotunan maguna a laburare, na ɗauko rula. Toka-toka ce, ƙirjinta fari, idanunta kore kamar kwalbar lemo. Gashinta bai kai na magunan Farisa tsawo ba, kuma su fuskarsu kamar an danne ta da tafin hannu, ita kuwa hancinta a miƙe. Ba siririya ba ce irin na Siyam, amma surutunsu ta kwaso shi duka. Wutsiyarta inci goma da rabi, in ta yarda aka auna. Ta yarda sau ɗaya, na biyun ina da shaidarsa a bayan hannu. Ke da kika yi karatun, wace iri ce?

Akwai kuma wani ɗan zance. Sun ba ni ita ne a kan gwaji na kwana sittin, yau kwana goma sha ɗaya. Saboda shekaruna, akwai wani layi a takardarsu: sunan ɗan'uwan da zai karɓe ta in na kwanta ciwo ko na rigaya, da sa hannunsa. In kwanakin suka cika layin yana nan fari, za su zo su mayar da ita keji. Matar da ke riƙe da fayil ɗin ta dube ni ta ce, "Baba, ba ka da kowa ne?" Na ce ina da dangi kamar yashi, sai dai yashin ya yi nisa. Ba don wannan na rubuto ba. Na faɗa ne kawai don labarin ya cika.

Ki gaishe mini da mahaifiyarki, in har tana karɓar gaisuwata.

Kakanki,
mai ido huɗu

Wasiƙa ta biyu

Kaka, angona da na saki,

Wasiƙarka ta iso, muna lafiya, ni da maigidana da ɗanmu mai wata bakwai, wanda ya ƙi yarda hannuna ya riƙe biro. In ka ga rubutun ya karkace, shi ne, kada ka ɗauko jan bironka.

Umma tare muke zaune yanzu. Da na karanta mata, sai da ta yi kuka, sannan ta yi dariya, sannan ta sake kuka. Ta ce ashe Kawu yana raye bai taɓa cewa uffan ba. Ta ce ta karɓi gaisuwa, amma da saura.

Wanda ya ce maka na karanci dabbobi rabin gaskiya ya faɗa. Kaji nake dubawa, Kaka. A kamfanin ƙyanƙyasar tsaki nake aiki, daga safe zuwa yamma ina haska ƙwai ina ƙirga wanda ya ɗauka. Mage a wurinmu ɓarauniya ce, saura kaɗan mu liƙa hotonta a ƙofa. Ka rasa wanda za ka tambaya asalin ɓarawo sai mai kayan!

Duk da haka na tambayi wani abokin aikinmu da ya fi ni sani. Ya ce yawancin magunan da ake tsinta haɗin gambiza ne, uwa daga wannan lungu, uba daga wancan, kakanni kuwa sai Allah. Ya ce ka bar auna wutsiya, ka duba ƙafafu da kunnuwa da haƙora, wani lokaci a nan alama take ɓuya. In ta bari. In ba ta bari ba, ka sa safar hannu.

Na ji daɗi da ka ce ba don takardar nan ka rubuto ba, na san ke nan ka samu wanda zai sa hannu a kusa da kai. Hakan ya fi sauƙi.

Umma ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in canza ko harafi: "Ki ce wa Kawu tsintacciyar mage ba ta mage." Ta faɗa tana dariya har da tari. Na ce mene ne abin dariya, ta ce za ka gane.

Ka riƙa cin abinci. Tsofaffin da ke zaune su kaɗai shayi suke sha su ce sun ci.

Jikarka,
mai kaji

Wasiƙa ta uku

Zuwa ga jikata,

Na gode da amsa. Allah ya raya yaron, ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya. Jinina ya ɗan hau makon nan, ma'aikaciyar jinya ta ce tunani ne. Na ce mata a shekaruna tunani ne kaɗai ke hawa ba tare da na riƙe ƙarfen matakala ba.

Saƙon mahaifiyarki ya iso, kuma na gane. Tsintacciyar mage ba ta mage. Haka ma ɗan'uwan da aka tsinta a akwatin gidan waya bayan shekara da shekaru. Ba ta yi ƙarya ba. Lokacin da Yaya ta rasu ban zo ba. Matata tana kwance a lokacin, ni ke juya ta, ni ke ba ta ruwa a cokali. Na ce in ta samu sauƙi zan zo da kaina, ta'aziyyar Yaya ba ta takarda ba ce. Ba ta samu sauƙin ba. Bayan nan kunya ta hana ni rubutu, kunyar shekara ɗaya ta haifi ta shekara biyu, har muka iso yau. Ban faɗa don a yafe ba, na faɗa don a sani.

Amma ki saurara, domin na gano wani abu, kuma abokin aikinki ne sila.

Na haɗa wa Waƙafi gado da wani tsohon akwatin katako da muke zuba haruffa a ciki a maɗaba'a. Na cire 'yan katangun ciki, na goge, na shimfiɗa mayafin matata. Jiya da hantsi tana kwance a ciki, rana ta faɗo ta taga, ta miƙe ƙafarta ta gaba ta baje yatsu. Na ƙirga. Na goge tabarau na sake ƙirgawa. Shida ne! Duka ƙafafun gaban, shida-shida, na shidan kamar babban yatsan mutum. Littafin laburare ya ce biyar ake yi. Na sa ta a kwando na kai wa likitar dabbobi da ke kwanar layinmu. Ta ce ba ciwo ba ne, gado ne: sai uwa ko uba yana da shi ɗa ke samu.

Tun da ta ce gado, zuciyata ta koma gidan da muka tashi. Muna da mage a can gidan, toka-toka, tana kwana a ƙarƙashin gadon Yaya. Ina rufe ido ina ganin ta a kan cinyar Yaya, ana shafa ta, kuma wallahi ina ganin yatsu shida. Na tuna ta yi ta haihuwa, ana raba 'ya'yan. Wani direban babbar mota da ke zuwa wurin Baffa ya taɓa ɗaukar biyu saboda ɓeraye sun dame shi, kuma hanyarsa ta garin nan da nake zaune take biyowa. Na zauna da takarda na yi lissafi. In kowace mage ta haihu tana 'yar shekara biyu, tsakanin waccan da wannan kaka talatin da biyar ne. Da yawa, amma jini ba ya gajiya da tafiya.

Kin ga inda na dosa. In Waƙafi jikar magen Yaya ce, to ba tsintacciya ba ce, 'yar gida ce da ta ɓata ta dawo. 'Yar gida kuwa ba a roƙa mata wurin zama, haƙƙinta ne a kan dangi. Ba sai wani tsoho da bai zo ta'aziyya ba ya buɗe baki ya nemi alfarma ba.

Layin nan na takarda yana nan fari. Babu kowa a kusa. Ma'aikaciyar jinya ta so ta sa hannu, suka ce sai ɗan'uwa. Yau kwana ashirin da bakwai.

Don Allah ki tambayi mahaifiyarki: magen gidanmu, yatsunta nawa? Yaya ba za ta rasa ba ta labari ba.

Kakanki

Wasiƙa ta huɗu

Jikata,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mako uku ke nan kullum ina sauka matakala goma sha bakwai in buɗe akwati, in hau goma sha bakwai hannu wofi. Ranar Lahadi ƙafata ta goce a ta tara, na zauna a wurin har maƙwabci ya zo ya ɗaga ni. Gwiwa ce kawai ta kumbura.

Na ɗauki shirun a matsayin amsa, kuma ban ga laifin kowa ba. Wanda bai shuka ba ba ya zuwa gona da lauje.

Na lallaɓa na koma wurin likita. Ta sake dubawa da kyau, ta ce maganar ɗaya ce: abin gado ne, da shi aka zo duniya, babu abin da za a yi, kuma ba ta da hanyar sanin daga wa ya fito. Sauran kwana goma sha biyu. Na fara haɗa kaya a hankali, ba na so a zo ɗauka a tarar da ɗaki a hargitse. Waƙafi ba ta san komai ba, tana nan tana bin ƙuda a taga. Ita nake tausayi. Ni na saba da rufe ƙofa.

Saura zancen gado. Ba wani abin kirki ba ne, amma da hannuna na haɗa shi, kuma akwai abin matata a ciki. Ba na so ya faɗa hannun bare. In kina so, naki ne. In ba kya so, ba komai.

Ki yafe mini damun da na yi muku.

Kakanki

Wasiƙa ta biyar

Kaka,

Innalillahi. Yanzu na dawo daga aiki na tarar da wasiƙarka, ko takalmi ban cire ba nake rubutu. Wane irin ciwo ne wannan? Wane likita ne zai dubi mutum ya ƙirga masa kwana goma sha biyu kamar ƙwan da aka sa a inji? Rai a hannun Allah yake. Za mu kai ka wani asibitin.

Umma tun da ta ji "abin gado ne" take kuka, ta ce irin ciwon Yaya ne, ta ce ita ta jawo da ta ce gaisuwarka da saura. Ta ce babu saura, ta yafe, ta yafe.

Kuma wane shiru kake faɗa? Ni ce nake jiran amsarka tun wancan watan!

Maganar gado kuwa, kada ka sake yi mana ita. Ba ma son gadonka, Kaka, ko allura ce. Kai muke so. Na roƙi hutun kwana uku a wurin aiki, maigidana ya tafi tasha neman tikiti. Asabar muna tafe, ni da Umma da yaron. Ka daina sauka matakalar nan. Ka jira mu. Ka ji? Ka jira mu.

Jikarka

Wasiƙa ta shida

Kaka, Allah ya shirye ka!

Ban yaga wasiƙar jiya ba, na haɗo maka su a ambulan ɗaya don ka ga irin abin da ka jawo.

Yau da safe maƙwabciyarmu ta dawo daga tafiyar mako uku, ta buɗe akwatinta, sai ga wasiƙarka ta uku a ciki, mai raba wasiƙu ya jefa ta a inda ba nan ba. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Da na zo kan akwatin haruffa da mayafi, sai na zauna a dandamali ina dariya ina hawaye. Gadon mage! Mun kwana muna makokin mutum, ashe katakon kyanwa ake bar mini wasiyya. Umma ta ce in gaya maka kukan da ta yi na jiya ba za ta mayar ba, ka riƙe shi ajiya, kuma yafewar ma ta riga ta fita, ba ta komawa.

Yanzu ga amsar tambayarka, daga bakin Umma, kuma ta ce Yaya ta ba ta labarin nan ya fi sau ɗari.

Magen gidanku yatsunta irin na kowace mage ne. Ba 'yar kowa ba ce. Kai ka tsinto ta a kwata a bayan makarantarku, jiƙe sharkaf, ka zuba littattafanka a ƙasa ka sako ta a jaka. Baffanku ya ce a fitar da ita, tsintacciyar mage ba ta mage. Ka yi ta kuka har Yaya ta ɓoye ta a ƙarƙashin gadonta. Magen nan ta shekara goma sha huɗu a gidan, ɓera bai sake taɓa buhu ba. Duk ranar da ta kamo wani ta ajiye a tsakar gida, sai Yaya ta leƙa ɗakin Baffa ta ce, "Baba, ga aikin wadda ba ta mage." Tun daga nan karin maganar ya zama abin tsokana a gidanmu. In wani ya yi abin kirki ba a zata ba, shi ake faɗa masa. Abin da Umma take nufi ke nan: Kawu bai canza ba, har yanzu yana tsinto maguna. Ta ɗauka za ka yi dariya. Kai kuma ka ɗauke shi ka soka wa kanka.

Yatsu shidan da kake gani kuwa, idonka bai yi ƙarya ba, wurin ne ka sauya. Yaya ce mai shidaniya a hannun hagu. Hannun da ke shafa magen ne mai yatsa shida, Kaka, ba magen ba. Umma ta ce in Yaya ta goya ka, shi kake kamawa ka yi barci. Umma ba ta gada ba, ni ma ban gada ba, amma ya tsallako ya sauka a kan ɗana. Hannun hagu, wuri ɗaya. Da aka haife shi aka ce a cire, Umma ta ce a bar mata hannun uwarta tukuna.

Zancen ta'aziyya kuma: Yaya ta san matarka tana kwance. Umma ta ce a kwanakinta na ƙarshe ta ce, "In ƙanena bai zo ba kada a ga laifinsa, jinya yake yi." Abin da ya yi wa Umma ciwo shi ne shirun da ya biyo baya, ba rashin zuwan ba.

Saura faɗana. Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana gyara rubutun mutane ya kasa rubuta jimla ɗaya mai alamar tambaya a ƙarshe: "Za ki sa mini hannu?" Sai da ka tayar da kakanni talatin da biyar da direban babbar mota. Ka ce mini ba don takarda ka rubuto ba, ni kuma na yarda, don ban san tsofaffi suna rubuta abu su nufi kishiyarsa ba.

Amsar tambayar da ba ka yi ba: zan sa. Ko Waƙafi jikar wa ce.

Tikiti an riga an saya, hutu an riga an bayar. Asabar ɗin tana nan. Ka fito da takardar ka ajiye a kan tebur, ka kwance kayan da ka ɗaure.

Jikarka, wadda take tunanin mayar da aure
in ka yi alkawarin daina ba ta tsoro

Wasiƙa ta bakwai

Zuwa ga amaryata mai kaji,

Ina fata kun isa lafiya, mota ba ta jijjiga mahaifiyarki da yawa ba. Gwiwata ta saɓe. Jinina ya sauka har ma'aikaciyar jinya ta sake aunawa, ta ce ko injinta ne ya lalace. Abincin da kuka cika mini firij da shi ina ci, ba shayi kaɗai ba, Waƙafi shaida ce, don tana karɓar kasonta.

Na karɓi laifina. Shekara arba'in da ɗaya ina bin ƙugiya, ina raba ƙafa da kafa, ina raba baƙi da baki, amma babu ƙugiyar da ke raba gadon kwanciya da gadon magada. Baki ne kaɗai ke raba su, ni kuma na daɗe ba na magana da kowa sai takarda. Wannan kuskure da a maɗaba'a na yi shi, da an kira ni ofis.

Ga abin da ya faru bayan tafiyarku. Ranar da kwana sittin suka cika, matar fayil ta zo da kanta, da kejin hannu a rataye, don ba ta san an cike layin ba. Na miƙa mata takardar. Ta karanta sunanki, ta zo kan inda aka ce "dangantaka", inda kika rubuta "jika" da manyan haruffa har biro ya huda takardar. Ta ce, "Baba, ashe yashin ya iso." Na ce iska ce ta kwaso shi. Ta buga hatimi, ta koma da kejinta babu kowa a ciki. Waƙafi tana kan taga, ko juyowa ba ta yi ba. Ina jin ita tun farko ta san ba inda za ta.

Kafin matar ta fita ta ba ni katin nan na jikin keji, ta ce in ajiye. Kin san ba na iya ganin gurbi. Na ɗauko jan biro, na ja layi a kan "ba a sani ba", na rubuta a sama: "Tsintacciya. Irin na gidanmu." Littafin hotuna kuwa na mayar laburare. Na Farisa da na Siyam su yi haƙuri, ba mu da dangantaka.

Akwai abin da ban faɗa muku ba kuna nan. Lokacin da kika zaunar da yaron a kan cinyata ya kama babban yatsana da hannun hagu, na ji ɗan yatsan nan na shida ya taɓa ni. Shekara saba'in ke nan rabona da wannan taɓawar. Da ni nake kamawa, yanzu ni aka kama. Shi ya sa na ce tabarau ne ya yi hazo.

Wata biyu na yi ina neman zumunta a ƙafar mage, da rula da lissafi. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba su yi ƙarya ba, ni ne na duba ƙafar da ba ita ba. Ƙafar da suke nufi ita ce wadda ta hau matakala goma sha bakwai da goyo a baya, da ta mahaifiyarki da ta huta sau uku a hanya tana cewa, "Kawu, kai da gidan sama, wa ya aike ka?"

To, yanzu ƙafata ce ke da saura. Ma'aikaciyar jinya ta ce in gwiwa ta ci gaba haka, ƙarshen wata mai zuwa zan iya zaman mota. Ina so a kai ni inda Yaya take kwance in yi mata sallamar da na makara. Waƙafi za ta biyo ni a kwando, ya kamata ta ga gidan da aka rubuta mata. Ki gaya wa kajinki su shiga taitayinsu.

Gado yana nan, na katakon nake nufi. Mai shi tana ciki yanzu haka, ta baje yatsu goma sha biyu a rana.

Na karanta wasiƙar nan sau biyu ina neman kuskure. Ɗaya na bari da gangan: ban sa mata aya ba,

Kakanki,
mai ido huɗu